Yankan Kusurwa: Aikin Kafinta Da Ke Riƙe Rufin Kwano

Babu lokacin da manoman ƙasar Funtuwa da Malumfashi su ke ɗoki kamar ƙarshen bazara, sa'ad da hadari ya fara haɗowa daga gabas. Daga Bakori zuwa Ɗanja, daga Faskari zuwa Ƙanƙara, kowa ya gyara garma, ya tanadi iri, yana jiran ruwan shuka. Amma ruwan farko ba shi kaɗai ya ke zuwa ba. Iska mai ƙarfi ce ke share masa hanya, kuma da wuya shekara ta wuce, tsakanin watan Afrilu da na Yuni, ba a wayi gari an ga rufin wata makaranta, ko ɗakin shan magani, ko sito, a yashe cikin gonar wani ba, kwano ya nannaɗe kamar tabarma.

Hasarar da ke biyo baya kowa ya san ta. 'Yan makaranta su koma gindin itace, buhunan masara su sha ruwa, ƙaramar hukuma kuma ta sake fitar da kuɗi a kan aikin da ta riga ta biya. Jama'a su kan jajanta wa juna, a ce tsautsayi ne. To, amma duk wanda ya tsaya ya duba tarkacen da kyau zai lura da abu ɗaya. Katakon bai cika karyewa a tsakiya ba. Inda ya ke rabuwa shi ne mahaɗa, watau wurin da katako biyu su ka gamu a karkace, aka dogara ga ƙusa ta riƙe su. Ƙarfin rufi a wannan wuri ya ke, kuma abin da ke tabbatar da shi yanka ne na 'yan mintoci, wanda kafinta ke yi da zarto da kurfi da sukwaya.

Daga Gizago Zuwa Zarto

Aikin icce tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, amma haɗa katako da katako baƙon abu ne. Masassaƙi da gatari da gizago ya ke aiki, kuma daga gungume ɗaya ya ke fitar da turmi ko akushi ko kujera ko allo, ba tare da ya haɗa kome ba. In yana bukatar kusurwa, a jikin itace ya ke nemo ta. Ƙotar fartanya daga reshe mai lanƙwasa a ke sare ta, shi ya sa ba ta karyewa a wuya. In kuma za a ɗora icce a kan icce, sai a nemo gwafa, wadda Allah ya riga ya yi wa baki biyu.

Magina kuwa da azara su ke rufi, watau tsagin giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ɗaki ya wuce kamar ƙafa 6, saboda haka magini ya kan gicciya guntaye a kusurwoyin ɗaki, ya rage faɗin, ko kuwa ya fito da su daga bango hawa hawa, ya ɗaure da igiya, ya lulluɓe da ƙasa. Da wannan dabara Babban Gwani ya ɗaga bakan gizon Masallacin Jumma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin shekarun 1830. Ashe ke nan sanin kusurwa ya daɗe a ƙasar nan. Abin da babu shi ne yanka ta da zarto.

Wannan ya zo tare da kwano da katakon da aka tsaga a kudu. Kalmar kafinta ma daga Turanci aka aro ta. Funtuwa na cikin garuruwan da su ka ga wannan sauyi da wuri, domin layin dogon da ya tashi daga Zariya ya ratsa ta cikinta ya bi Gusau, ya isa Ƙauran Namoda cikin 1929. Ƙungiyar nan ta Ingila mai bunƙasa noman auduga, wadda aka kafa a Mancesta cikin 1902, ta kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. Tasha, da injin gurza, da ɗakunan ajiya, da kantuna, duka rufin kwano su ke so, rufin kwano kuwa ba ya zaunuwa sai a kan katako.

Bukatar ta ƙaru ainun cikin shekarun 1970. A 1975 aka fara Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, wanda ya haɗa har da ƙasar Malumfashi, aka giggina wuraren sayar da taki da ɗakunan ajiya a ƙauyuka. A 1976 kuma aka ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, aka shiga gina azuzuwa dubbai cikin gaggawa a duk faɗin Nijeriya. Ƙwararrun kafintoci ba su isa ba, sai duk wanda ya iya riƙe guduma ya hau rufi. Sa'ad da aka ƙirƙiro Jihar Katsina cikin 1987, rufin kwano ya riga ya zama burin kowane magidanci da ya sayar da auduga ko masara. A wannan yanki, inda ruwan sama ke kai kamar milimita 1,000 a shekara, ya fi na arewacin jihar nesa, soro yana bukatar yaɓe kowace shekara, don haka ba abin mamaki ba ne mutane su gwammace kwano.

Kayan Aikin Ba Su Da Yawa

Yau akwai zarto mai aiki da lantarki a manyan shagunan Funtuwa, manyan gine-gine kuma sun fara komawa ga ƙarfe maimakon katako. Duk da haka, a ƙauye, da kuma a kan bango inda babu wuta, hannu ne ke yanka. Kayan da a ke bukata jaka ɗaya ta ɗauke su: zarto, kurfi, guduma, tef na awo, fensir ko wuƙa, igiya, abin ƙanƙare katako, da sukwaya iri biyu. Ɗaya ƙafaffiya ce, mai ba da kusurwa ta digiri 90. Ɗayar kuwa harshenta na juyawa, a ɗaure shi da noti a kowace kusurwa a ke so, domin a kwafe ta daga wuri zuwa wuri.

Kafin a amince da sukwaya sai an gwada ta, domin wadda ta sha faɗuwa ta kan yi ƙarya. Gwajin mai sauƙi ne. A jingina ta a gefen katako miƙaƙƙe, a ja layi, sa'an nan a kifa ta ta ɗaya ɓangaren a sake jan layi daga wuri ɗaya. In layukan biyu sun hau kan juna, sukwaya na da gaskiya. In sun buɗe kamar almakashi, to duk aikin da aka yi da ita zai gaji wannan karkata.

Zarto ma yana da nasa sharaɗi. Haƙoransa a ke ɗan karkatar da su, wannan dama wancan hagu, domin hanyar da ya ke buɗewa ta fi kaurinsa faɗi, kada ya maƙale. In karkatar ɓangare ɗaya ta fi ta ɗayan, zarton zai riƙa janyewa gefe, ko da hannun gwani ne ke riƙe da shi. Saboda haka kafintan da bai iya wasa zartonsa ba, bai gama koyon sana'a ba.

Digiri 45 Da Abin Da Ke Cikinsa

Yankan kusurwa na farko da yaron shago ke koyo shi ne na firam, irin na hoto ko allon sanarwa ko adon bakin ƙofa. A yanke bakin kowane katako a digiri 45, in aka haɗa biyu su ba da digiri 90. Ba sai da wani ma'auni na musamman a ke samun wannan kusurwa ba. In aka auna faɗin katakon, aka auna daidai wannan tsawo a gefensa, aka ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa, an sami digiri 45 cif. Mai yawan irin wannan aiki ya kan haɗa ɗan kwami na katako uku, ya tsaga bangayensa a kusurwar da ya ke so, ya riƙa sa zarto cikin tsagar.

Wahalar firam ita ce kuskurensa taruwa ya ke yi. Kusurwa huɗu, yanka takwas ke nan. In kowane yanka ya kauce da digiri 1 kacal, kusurwa uku za su yarda su haɗu, amma ta huɗu za ta buɗe da digiri 8. Ko da an raba kuskuren daidai, a katako mai faɗin inci 4 kowace mahaɗa za ta bar ɓaraka ta kusan milimita 5. Abin da a kan yi shi ne a cusa garin katako da gam, a shafe da fenti. Idon mai saye ba zai gani ba a ranar, amma hunturu zai tona.

Gwani yana da ƙa'idodi da ba ya ƙetarewa. Da bakin wuƙa ya ke jan layi in aikin na ƙwarai ne, domin layin fensir kansa yana da kauri. Yana zagaya layin ta fuska biyu na katakon, ta sama da ta gefe, domin ido ya bi duka biyun. Ba ya yanka a kan layi, sai a gefensa ta wajen abin da za a yar, layin ya tsira. Ya kan fara da jan zarto baya sau biyu ko uku, babban yatsa na tokare da shi, har ya sami hanya, kana ya riƙa turawa da dogon zango ba tare da dannawa ba. In an gama aka ga 'yar ɓaraka, akwai dabara ta tsofaffin kafintoci: a danne katakon biyu a yadda za su zauna, a bi da zarto ta tsakiyar mahaɗar, ya ci kaɗan daga kowane ɓangare, sai fuskokin su daidaita. A ƙarshe a auna firam ɗin daga kusurwa zuwa kusurwa ta gicciye biyu. In awon ya zo ɗaya, aiki ya yi.

Sai dai wannan mahaɗa, da kyaunta a ido, ba ta da ƙarfi. Katako kamar damin kara ya ke, jijiyoyinsa na bin tsawonsa. Bakin katako, inda jijiyoyin su ka ƙare, shanye gam ya ke yi, ƙusa kuma in ta shiga ta nan tsakanin jijiyoyi ta ke bi, a zare ta ba wuya. Don haka a aikin da zai ɗauki nauyi a kan tsaga kusurwar a cusa siririn katako a gicciye, ko kuwa a rage rabin kaurin kowanne a ɗora su a kan juna. Wannan darasi na bakin katako shi ne mabuɗin duk abin da ke faruwa a kan rufi.

Lissafin Rufi

Katako huɗu da aka haɗa da ƙusa, in an tura su za su karkace. Katako uku da aka haɗa alwatika kuwa ba su motsi, sai dai ɗaya ya karye ko mahaɗa ta rabu. Wannan shi ne dalilin da ya sa ƙashin rufi alwatika ne: katako ɗaya kwance daga bango zuwa bango, biyu kuma jingine da juna a sama, waɗanda kafintoci ke kira rafta.

A ɗauki misalin aji mai faɗin ƙafa 24. Rabinsa ƙafa 12. In aka ɗaga tsakiyar rufin da ƙafa 5, tsawon rafta daga bango zuwa ƙololuwa ƙafa 13 ne daidai, domin 12 sau 12 shi ne 144, 5 sau 5 kuma 25, a haɗa a sami 169, watau 13 sau 13. Gangaren wannan rufi ya ɗan haura digiri 22 da rabi. In aka ɗaga da ƙafa 9, rafta zai zama ƙafa 15, gangaren kuma ya kusa digiri 37. Wannan ita ce ƙa'idar da 'yan sakandare ke haddacewa da sunan Fisagoras, ita ce kuma magina ke amfani da ita sa'ad da su ke auna 3 da 4 da 5 da igiya domin daidaita kusurwar harsashi.

Kafinta ba ya bukatar sanin digiri kafin ya yi yankan. Ya kan ɗora babbar sukwaya a kan katakon, lamba 5 ta gajeren hannu da lamba 12 ta dogon hannu duka su zauna a kan gefe ɗaya. Layin da gajeren hannu ya bayar shi ne yankan tsaye, wanda zai gamu da ɗan'uwansa a ƙololuwa. Layin dogon hannu kuwa shi ne yankan kwance, wanda zai zauna a kan bango. In ya yanke rafta ɗaya ya gwada ya ga ya zauna, sai ya mai da shi abin kwatance, ya zana sauran duka da shi.

Mahaɗar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ta ƙasa. Nauyin rufi yana sa raftocin biyu su nemi buɗewa, ƙafar kowanne na tura waje. Gwani ya kan sassaƙe gurbi da kurfi a jikin katakon kwance, ƙafar rafta ta shiga ta tokare, icce ya riƙe icce, ƙusa ko noti aikinsu kawai su hana shi fita daga gurbin. Ya kan bar isasshen katako bayan gurbin, don kada ya tsage ya fita. Inda rafta zai zauna a kan katakon da ke bin saman bango, a kan yi masa 'yar tsaga kamar bakin tsuntsu, amma ƙa'ida ita ce kada zurfinta ya wuce sulusin faɗin raftan. In ta wuce, an raunana shi a daidai inda ya fi bukatar ƙarfi. Mai gaggawa kuwa ba ya yin ko ɗaya. Ya kan jingina katako a gefen katako, ya buga ƙusa uku ko huɗu dab da baki, sau da yawa ma bakin ya tsage tun a ranar.

Akwai kuma matsalar ƙari. Galibin katakon kasuwa ƙafa 12 ne tsawonsa, saboda haka katakon kwance na ajin nan sai an haɗa biyu, raftan ma sai an ƙara shi, balle a ce za a bar baki ya leƙo waje. Katakon kwance ja ya ke sha, ba danni ba, don haka mahaɗarsa na bukatar guntun katako mai tsawo ta kowane gefe, da noti ko ƙusoshi masu yawa a warwatse. Ƙarin rafta kuwa wajibi ne ya faɗo a kan tokara, ba a sarari ba. Siraran katakon da a ke buga kwano a kansu, su ma a kan fere bakinsu a karkace, a haɗa su a kan rafta sosai.

Rufi mai fuska huɗu ya fi wannan wuya. Katakon da ke tashi daga kusurwar ginin zuwa ƙololuwa ya fi sauran tsawo, gangarensa kuma ya fi kwanciya, domin a duk inci 12 da rafta ya yi, shi kusan 17 ya ke yi. Saboda haka a sukwaya 5 da 17 a ke ɗauka maimakon 5 da 12. Gajerun raftocin da ke jingina da shi kuma yankansu karkata biyu gare shi a lokaci ɗaya. Yadda a ke zana shi, a ja layin tsaye, a auna kaurin katakon daga wannan layi a miƙe, a ja na biyu, a ƙetara da su ta saman katakon, a haɗa su da layin gicciye. A nan ne a ke bambanta kafinta da mai buga ƙusa.

Yadda Iska Ke Ɗaga Rufi

Mutane da yawa na zaton iska tura rufi ta ke yi. Gaskiyar magana, tsotsarsa ta ke yi sama, kamar yadda ta ke ɗaga fiffiken jirgi. Ƙarfinta kuma ba a hankali ya ke ƙaruwa ba, in gudunta ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka huɗu. Iska mai gudun kilomita 100 a awa tana da matsi na kusan kilo 50 a kan kowane murabba'in mita. A rufin aji ɗaya, mai kamar murabba'in mita 70, ƙarfin da ke jan sa sama na iya kusantar tan 3, alhali kuwa kwanon da katakonsa ba su kai rabin wannan nauyi ba. In taga ta ɓalle ko ƙofa na buɗe ta wajen gabas, iska ta shiga ɗaki ta riƙa turo rufin daga ciki, abin ya zama biyu.

Abin da ke hana rufi tashi sarƙa ce: kwano riƙe da siririn katako, shi riƙe da rafta, rafta riƙe da katakon bango, katakon bango kuma ɗaure da ginin da rodi ko langalanga da aka binne cikin siminti. In gaɓa ɗaya ta yi rauni, sauran ba su da amfani. Mahaɗar da fuskokinta su ka zauna daram ba ta motsi. Wadda ke da ɓaraka kuwa, duk iskar da ta kaɗa sai ta ɗan girgiza, ramin ƙusa na ƙara faɗi shekara da shekaru, har ranar da babbar iska za ta zo ta tarar an riga an yi mata rabin aiki. Masana gini sun tabbatar cewa tsotson ya fi tsanani a gefuna da kusurwoyi, kuma rufi mai fuska huɗu, mai gangare kamar digiri 30, ya fi shimfiɗaɗɗen rufi mai fuska biyu jure wa iska. Watau rufin da ya fi wuyar yanka shi ne ya fi aminci.

Ɗanyen Katako Da Hunturu

Ko gwani ya yi yankansa daidai, akwai abokin gaba da ke jiransa. Mafi yawan katakon da a ke sayarwa a wannan yanki daga dazuzzukan kudu a ke kawo shi, sau da yawa bai gama bushewa ba. Katako na fara tsukewa ne sa'ad da ruwan jikinsa ya sauko ƙasa da kamar kashi 30 cikin 100, a hunturun Arewa kuwa ya kan bushe har ya koma ƙasa da kashi 10. Tsukewar a faɗi ta ke, a tsawo kusan babu. Saboda haka kusurwar da aka yanka a ɗanyen katako ba ta zama yadda aka yanke ta. Firam ɗin da aka haɗa da damina, in hunturu ya yi sai ya buɗe baki ta ciki. Haka ƙusar da aka buga a ɗanyen katako ta kan saki in ya bushe.

Maganin abin haƙuri ne. A jera katako a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakaninsu iska ta ratsa, a bar shi makonni kafin a yanka. Bayan yanka kuma a shafa maganin gara a bakin da zarto ya buɗe, domin shafawar da aka yi wa katakon tun farko ba ta kai ciki ba. Ɗan kwangilar da ke son ya karɓi kuɗinsa kafin ƙarshen wata ba ya son jin wannan magana, amma araha ba ta ado.

Ba a rufi kaɗai wannan sani ke aiki ba. Amalanken shanu da ke kwaso dami daga gona, da bencin makaranta, da ƙyauren sito, duka suna da tokara a gicciye. A ƙyaure, tokarar daga ƙasa ta wajen bango ta ke tashi zuwa sama ta wajen makulli, domin nauyi ya danne ta cikin gurbinta. In aka juya ta, ba a daɗe ƙyauren zai fara jan ƙasa.

Aji Da Shago

Abin takaici shi ne ilmin nan a rabe ya ke gida biyu. Ɗalibi ya san 5 da 12 da 13 a takarda, bai taɓa riƙe zarto ba. Yaron shago ya iya zarto, amma ba a taɓa gaya masa dalilin da ya sa awon ke fitowa haka ba, don haka in faɗin ɗaki ya sauya sai ya koma kintace. Wannan rabuwa ba yau ta fara ba. Abul Wafa al-Buzjani, masanin lissafi da ya zauna a Bagadaza, ya rasu cikin 998, littafi guda ya rubuta a kan abin da mai sana'a ke bukata na ilmin awon siffofi, domin ya ga masu sana'a na kuskure don rashin hujja, masana kuma ba su san aikin hannu ba. Inda aka haɗa biyun kuwa an ga abin mamaki. Mumbarin da aka sassaƙa a Halab cikin ƙarni na 12, wanda Salahuddin ya kai Masallacin Ƙudus bayan 1187, an harhaɗa shi da ƙananan katako masu shiga juna ba tare da ƙusa ba, ya kuwa zauna kusan shekara 800 kafin a ƙone shi cikin 1969.

A Nijeriya an yi yunƙurin haɗa aji da shago. An kafa Hukumar Kula da Ilmin Fasaha ta Ƙasa a Kaduna cikin 1977. Tsarin ilmi na 6-3-3-4, wanda aka fara aiki da shi cikin 1982, ya sa koyon sana'a cikin darussan ƙaramar sakandare, aka kuma sayo injuna daga ƙasashen waje. Da yawansu sun tsufa cikin akwatunansu saboda rashin wutar lantarki da malamai. Abin lura a nan shi ne duk abin da aka bayyana a sama ba ya bukatar wuta ko kaɗan. Zarto goma, kurfi goma da sukwaya goma sun isa aji guda, malamin lissafi da kafintan gari kuma za su iya koyar da shi tare.

Kafin A Buga Silin

Ma'aikacin da aka ɗora wa duba aikin kwangila, da shugaban makaranta, da ɗan kwamitin iyaye, ba sai sun zama injiniyoyi ba kafin su gane aikin ƙwarai. Lokacin dubawa shi ne bayan an ɗora katako, kafin a rufe da kwano da silin, domin bayan haka ba abin da ido zai gani sai fenti. A sa tsani a hau. A duba ko fuskokin mahaɗa sun zauna a kan juna, ko kuwa haske na ratsawa. A duba ko ƙafar rafta na cikin gurbi, ko ƙusa kaɗai ke riƙe da ita. A duba bakin katako ko ya tsage. A duba inda aka yi ƙari, ko akwai tokara a ƙarƙashinsa. A bi bango a ƙirga wuraren da aka ɗaure katako da ginin, musamman a kusurwoyi. A tambaya yaushe aka kawo katakon, a ina kuma ya bushe.

Wajibi ne kuma a yi wa kafinta adalci. Yawancin aikin rufi jimla a ke biyansa, saboda haka duk gurbin da ya tsaya ya sassaƙa daga ribarsa ya ke cirewa. Muddin mai ba da aiki mafi araha da mafi sauri ya ke nema, gwani zai ci gaba da rasa aiki, yaransa kuma ba za su ga amfanin koyon abin da ba a biya ba. In takardar kwangila ta fayyace irin mahaɗar da a ke so, aka sa kuɗinta a ciki, aka kuma ƙi sa hannu a takardar biya sai an gan ta da ido, kafintocin Funtuwa da Malumfashi ba za su kasa ba, domin masu wannan sani suna nan da ransu. Kwana biyu ko uku da za a ƙara wa aikin aji ɗaya ba su kai zangon karatu guda da yara za su yi a gindin itace ba, kuɗinsu kuma bai kai na sabon rufi ba. Hadari dai zai sake haɗowa daga gabas baɗi, kamar yadda ya saba.